Cikon haƙorina na gaba ya daina sheƙi, ga biki ya matso

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Shekara biyu da wani abu da suka wuce santsi ya kwashe ni a banɗaki haƙorina na gaba na sama ya ɓantare ta gefe kusan rabi. Naje wani asibitin kuɗi aka cike min da irin farin abin nan, wallahi ranar da aka gama ko mamata bata iya nuna wanda aka gyara ba. To yanzu wajen ya dishe, baya sheƙi, ya ɗan yi ruwan ɗorawa, in na taɓa da harshe ina jin kaushi kaushi, a hoto kuwa ba a magana. Ƙawata tace cutata akayi jabun kaya aka sa min. Wata uku kenan ina dirje shi da garin gawayi da lemon tsami safe da dare, na kuma sayi wani makilin na sa haƙori fari wajen wata mai saida kaya a Instagram amma kamar ƙara lalacewa yake. Gaskiya ina shan baƙin shayi sosai da zoɓo. Bikina saura wata biyu da rabi, har na fara kare baki da gyale in zanyi dariya gaban dangin miji. In koma in musu rigima su cire su sake ne, ko inyi biniya ɗin nan da ake talla, siririn rufin da ake mannawa a fuskar haƙori?

Ƙanwarki daga Zariya

Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya kaimu lokacin da rai da lafiya. Kafin ki karanta sauran bayanin, gawayin nan da lemon tsamin ki ajiye su yau ɗinnan ba gobe ba, domin a duk abin da kika lissafa min su kaɗai ne suka tada min hankali, sauran duk mai sauƙi ne.

Ba a cuce ki ba. Cikon da aka ɗora a gefen haƙorin gaba, wajen da yake shan cizo kullum, ya shekara biyu bai ɓalle ba, baya miki ciwo, kuma ranar farko mahaifiyarki da ta san haƙoran nan tun fitowarsu ta kasa gane shi, to wanda ya miki aikin ya iya aikinsa. Dishewar da kike gani haka kayan yake, mai tsadarsa da mai arharsa duk suna rage sheƙi, bambancin kawai wani yafi wani saurin yi. Abin haushin dai ba kowane likita bane yake tsayawa ya gaya wa mutum haka ranar da aka gama, sai kowa ya tafi gida yana zaton yadda ya gani a madubin asibiti haka zai zauna har tsufa.

Abin da aka sa miki sunansa kwamfozit, wani likitan haƙori a Amurka mai suna Rafael Bowen ne ya haɗa robar da har yau yawancinsu da ita ake yi, a farkon shekarun 1960. Abu biyu ne aka cakuɗa, akwai roba mai danƙo wadda take daskarewa in an haska mata shuɗin fitilar nan da kika ga an kara miki a baki, sannan akwai garin gilashi da silika mai matuƙar laushi da aka zuba a cikinta don ta yi ƙarfi, a yawancinsu garin ne ma yake da kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na nauyin. Ki ɗauke shi kamar daɓen siminti, robar ita ce simintin garin kuma shine yashin. Ranar da magini ya gama shafe daɓe da cokalinsa sumul yake har yana ɗaukar ido, amma ana ta shara ana takawa ana wankewa sai simintin da ke tsakanin yashin ya fara cinyewa tunda yafi yashin laushi, ƙwayoyin yashin su fito fili, wasu ma su fita su bar ƙananan ramuka. To shara da takawar a bakinki sune burushi da makilin da abinci da yawu na shekara biyu.

Shi kuwa sheƙi ba wani fenti bane da aka shafa a sama wanda ya goge, santsi ne kawai. In waje yana da santsi sosai hasken da ya sauka a kai gefe ɗaya yake komawa sai ido ya ga ƙyalli, in yayi kaushi sai hasken ya watse ko ta ina wajen ya fito a dishe ko da launinsa bai canza ba. Kuma ramukan nan da ido baya gani a cikinsu shayi da zoɓo suke samun wajen zama, shi yasa dishewa da canza launi suke tafiya tare. Masu bincike a kan wannan harka suna da ma'aunin da suka daɗe suna aiki da shi, in kaushin saman ciko ya wuce maikuron 0.2, maikuron ɗaya kuwa milimita ɗaya ce aka raba gida 1,000, to daga nan dattin baki mai ƙwayoyin cuta yake fara samun wajen maƙalewa. Harshe kuma Allah ya masa wata irin baiwa, kaushin da bai kai rabin maikuron ba ma yana iya jin sa, kinga kenan abin da kike ji da harshenki ba waswasi bane.

Inda ƙawar taki ta ɗan kusa gaskiya shine kayan kala kala ne. Na farko farko garinsu manya ne, maikuron 10 zuwa sama, waɗannan ko an goge basa wani daɗewa suke kaushi, yanzu da wuya ki same su. A ƙarshen shekarun 1970 aka fito da mai garin maikuron 0.04, shi kam wajen riƙe sheƙi ba dama amma bashi da ƙarfi, a bakin haƙori inda ake cizo yana iya ɓantarewa. Sai aka zo da na gauraye, manya da ƙananan gari a haɗe, mai ƙarfi ne kuma shi aka fi samu a asibitoci, yana gogewa yayi kyau ranar farko amma in manyan ƙwayoyin suka fara fita ramin da suke bari yana da girman da zai watsa haske. Daga baya wajen 2002 kamfanin 3M ya fito da Filtek Supreme mai garin nano, wato gari mai matuƙar ƙanƙanta, wasu kamfanonin suma suka fito da irin nasu, dabarar ita ce in ƙwayar da ta fita tana da ƙanƙanta sosai, wato ƙasa da maikuron 0.4, to ramin da ta bari baya hana sheƙi sosai. Irin waɗannan sun fi daɗewa da ƙyallinsu, amma ko su ɗin ba wanda ya kai fatar haƙorin da Allah ya halitta. Akwai kuma wani farin cikon daban da ake kira gilas ayonoma, yana da amfaninsa musamman a haƙoran yara da gindin haƙori kusa da dasashi, sai dai shi dama can baya sheƙi, kuma yadda kika ce naki ya fito ranar farko bana zaton shi aka sa miki.

Hannun likita ma yana ciki, ban ɓoye miki ba. In fitilar bata da ƙarfi ko ba a haska yadda ya kamata ba, ko an tula shi da kauri lokaci ɗaya maimakon a bi shi kaɗan kaɗan kamar milimita 2 ana haskawa, robar bata gama daskarewa sai ta riƙa shan ruwa da launi fiye da ƙima. Gogewar ƙarshe ma mataki mataki ce, daga faifai mai kaushi zuwa mai laushi zuwa wanda ya fishi har a ƙare da man gogewa, in layi yayi tsawo a waje wani sai ya tsallake biyu. Amma irin wannan aikin a watannin farko yake tona kansa, ba ya jira sai bayan shekara biyu.

Yanzu mu dawo kan gawayin. Ƙanwata kina so wajen yayi santsi kuma kin ɗauko abu mai kaushi kina dirza, sau biyu a rana, wata uku. Duk santsin da ya rage wa cikon kin kankare shi da hannunki shi yasa kike ganin kamar ƙara lalacewa yake, ba kamar bane, ƙara lalacewar yake, baƙin garin ma yana iya shiga layin da ke tsakanin cikon da haƙorin ya zauna. Amma ni ba cikon nake ji ba, shi ko ya lalace gaba ɗaya a zama ɗaya za a sake shi. Haƙoranki na gaskiya nake ji. Fatar haƙori tana fara narkewa in tsami yayi yawa a baki har lamba ta sauka ƙasa da 5.5 a ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda lambarsa raguwa take in tsami ya ƙaru, lemon tsami kuwa yana wajen 2 ne, wato kina jiƙa fatar da abin da zai tausasa ta sannan ki bi ta da gawayi ki kankare, kuma ita in ta tafi ta tafi kenan bata tsirowa. Abin da ke ƙarƙashinta ruwan ɗorawa ne, saboda haka mai wannan haɗin satin farko zata ga haske tayi ta murna, bayan wani lokaci haƙoran su koma rawaya fiye da da, ga tsami in ta sha ruwan sanyi. Ina ganin ƴan mata da yawa da wannan matsalar gab da biki, kusan duk a bidiyo suka gani.

Makilin ɗin Instagram shima ki duba jikinsa, in babu lambar NAFDAC babu jerin abin da aka haɗa shi da shi to ki jefar kar ma ki ba wani. Yawancin makilin masu cewa suna sa fari da kaushi suke aiki, kankare dattin sama suke, a kan kwamfozit kuwa sheƙin suke ci. Waɗanda kuma suke da sinadarin bilicin na gaske suna da tasu matsalar a wajenki, domin bilicin haƙorin gaskiya yake haskakawa baya canza launin ciko, sai sauran haƙoran suyi gaba su bar cikon a baya ya ƙara fitowa fili.

To me za ayi? Ki koma wajen likitan, ba da rigima ba, kice kinzo a duba cikon a sake goge shi. Abin da mutane da yawa basu sani ba kenan, kwamfozit ana sake masa folish yana nan a bakinki ba sai an cire ba, yawanci ba allura ba ciwo, mintuna ne, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na sabon ciko ba. Ana ɗauke ɗan siririn saman da yayi kaushi ya sha launi sai sabon wajen ya fito a goge shi ya dawo yana ɗaukar ido. Yadda kika kwatanta naki, dishewa da ɗan rawaya da kaushi a harshe, ina kyautata zaton wannan kaɗai zai ishe ki. Kuma dalilin da yasa bana son a yi saurin cirewa shine duk sanda aka cire ciko sai an haɗa da ɗan haƙorin gaskiya, ramin ƙaruwa yake a kowane zagaye, ke kuma yarinya ce haƙorin nan yana da sauran aiki mai yawa a gabansa.

Sai dai ki tsaya gaban madubi da rana kusa da taga ki duba min abu biyu. Na farko layin da cikon ya haɗu da haƙorin, in akwai wani siririn zare mai ruwan ƙasa da ya zagaye shi, wani lokacin launi ne kawai ya kama bakin kuma gogewa na fidda shi, wani lokacin kuma bakin ne ya ɗan buɗe abu yana shiga, nan sai an ɗan kankare wajen an ƙara sabo a kai, ana iya yi ba tare da an taɓa sauran ba. Na biyu kuma yafi muhimmanci, ki kalli haƙorin kansa ba cikon ba, ki gwada shi da na kusa da shi. In shi kansa ya fara duhu, yana komawa ruwan toka, ko akwai wani ɗan ƙurji a dasashin samansa da yake fitowa yana komawa, to wannan ba maganar folish bace. Haƙorin da ya sha bugu irin naki jijiyarsa tana iya mutuwa a hankali bayan shekara ɗaya ko biyu ko fi, sau da yawa ba tare da ciwo ba, kuma maganinsa wankin jijiya ne, wato a cire matacciyar jijiyar a cike gurbinta. Saboda haka ko baki ga komai ba ki gaya wa likitan faɗuwa kikayi, ki nemi a ɗauki hoton haƙorin a gwada ko jijiyar tana da rai. In ya zamana kuma launin ya shiga cikin cikon har ciki ba a sama kawai yake ba, nan ne za a ɗauke fuskarsa a shimfiɗa sabo, ki tambaya ko suna da mai garin nano na haƙoran gaba, ba rashin kunya bane tambayar, kuɗinki ne bakinki ne.

Maganar biniya, ni dai ban goyi baya ba a halin da kike. Gaskiya ne na tangaran yana riƙe sheƙi da launi shekara da shekaru fiye da kowane kwamfozit, shayi baya kama shi haka, amma kafin a manna shi yawanci sai an fere fuskar haƙorin wajen rabin milimita kuma ba a mayarwa, daga ranar haƙorin ya zama mai buƙatar rufi har ƙarshen rayuwa. Sannan a dace da launin haƙori guda ɗaya tak a gaba da tangaran yana cikin aiki mafi wuya, shi yasa zaki ji ance sai dai ayi biyu ko huɗu ko shida, kinga an shiga lafiyayyun haƙora kenan saboda ɗaya da gogewar minti kaɗan zata iya gyarawa. Balle waɗanda ake talla a waya ana zuwa har gida ko a shagon kwalliya a manna wa mutum, waɗannan ko kyauta ne kar ki buɗe musu baki, duk mai fere haƙori da inji ya zama likitan da ke da rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a ƙasar nan. In hankalinki bai kwanta da asibitin farko ba kina Zariya ai, asibitin koyarwa na ABU yana da sashen haƙori, kije can a duba miki.

Wata biyu da rabi ya isa har da ragi in kin tashi yanzu. Cikin satin nan kije a duba ayi hoton ayi wankin haƙori, kuma ki nuna wa mai wankin inda cikon yake domin man wanki mai kaushi da injin feshin gari suna dishe kwamfozit. In kina son bilicin na asibiti to shi ake fara yi, a jira kamar sati biyu launin ya tsaya kuma sinadarin ya gama fita don in ba haka ba sabon ciko baya kamawa da kyau, sannan a zo kan cikon a daidaita shi da sabon launin. Amma bayan wata uku na lemon tsami zai iya yiwuwa likitan yace haƙoranki su huta tukunna, in ya faɗi haka ki ji maganarsa. In za a sa sabo kije da rana ba jan baki, a zaɓi launin tun farkon zama kafin haƙorin ya bushe domin busasshen haƙori yana yin fari fiye da yadda yake. A gama komai saura kamar wata ɗaya, kar ki bari sai ranar lalle.

Kare baki da gyale kuma ki daina dan Allah, shi yake sa mutane su fara tambayar me take ɓoyewa. Ke kina kallon haƙorin ne dab da madubi, watakila ma kin goge shi da tishu ya bushe, ko a hoton da aka ɗauka da filasha kika zuƙo shi ya cika fuskar waya, su kuwa dangin mijin daga nesa suke ganinki yawu ya jiƙa wajen, ciko in yana jiƙe ko ya dishe yana sheƙi. Inda yake ɗan tona asiri shine ƙarƙashin shuɗin fitilun nan na wajen dina, haƙorin gaskiya yana wani haske a ƙarƙashinsu wasu kwamfozit ɗin kuma basa yi daidai da shi sai wajen ya ɗan yi duhu, in hakan ya dame ki kice wa masu ado su bar farar fitila a inda za ku zauna.

Bayan an goge, burushi mai laushi zaki koma da makilin na kullum mai fuloraid, ba dirza ba, a hankali minti biyu. In kina aswaki ki tauna bakinsa yayi laushi sosai kuma kar ki riƙa danna shi a kan cikon. Ba zance ki bar shayi ba don nasan ba bari zakiyi ba, amma ki shanye a zama ɗaya ki kurkure da ruwa, ba ki ajiye kofi kina kurɓa daga safe har azahar ba, zoɓo da kunun tsamiya da lemon kwalba kuma ki bari a yi kamar minti 30 kafin ki sa burushi. Goro da kurkum da shisha duk suna rina shi, haka ruwan kurkure baki mai kulohekzidin in an daɗe ana amfani da shi, mai giya a ciki kuma yana tausasa robar. Rake da ƙashin kaza da ƙanƙara da buɗe kwalba ki bar wa turame ko ki bari gaba ɗaya, kuma duk sanda kika je wankin haƙori, ko da sau ɗaya ne a shekara, kice a haɗa da goge cikon.